Ruwan Baftisma da Tafkin Bayan Gari

A cikin yawon da muke yi na ziyartar ƙungiyoyin manoma, mun sauka wani ƙauye ana sauran mako uku Ista. Maganar bashin taki ce ta kai mu, amma muka tarar wata magana ta sha gabanta. Akwai masu bi da suka gama ajin baftisma, ga shi kuwa rafin da aka saba yin baftisma a ciki ya ƙafe tun watan Janairu. Ruwan da ya rage sai tafkin bayan gari, inda shanu suke sha, yara suke wanka. Yaran ƙauyen kuwa da yawa suna fitsarin jini.

Wani dattijo ya ce a shiga tafkin, gama ruwan da aka yi wa addu'a ba ya sa cuta. Wani ya ce a jira damina, domin a ganinsa baftismar da ba a rafi aka yi ta ba, ba ta cika ba. Wata uwa daga zumuntar mata ta ce ita dai 'yarta ba za ta sa ƙafa cikin tafkin nan ba. Sai aka juyo gare mu, aka ce, "Malamai, ku me kuka gani?"

Mu malaman gona ne, hukuncin baftisma kuwa na fasto ne da dattawan ekklisiya. Amma maganar ruwa aikinmu ce, Littafi Mai Tsarki kuma na dukanmu ne. Saboda haka muka zauna a gindin ɗorawa muka buɗe shi tare. Abin da muka gani ran nan shi ne muke so mu kawo muku, gama mun sani ba ƙauye ɗaya kaɗai wannan tambaya take damu ba.

ƘASAR DA TA SAN ƘISHIRWA

Mutanen da aka fara ba su Maganar Allah manoma ne da makiyaya, a ƙasar da ruwa yake da tsada. A ƙasar Isra'ila ruwan sama yakan sauko daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga Mayu har Satumba kuwa sama takan rufe sarai. Wato lokacin da muke damina su suna rani. Domin su kai ga wata shekara, sukan fafe ramummuka cikin dutse, su shafe su da farar ƙasa, su tara ruwan sama. Wanda raminsa ya tsage ya shiga uku. Shi ya sa annabi Irmiya, a sura 2, ya kwatanta masu barin Allah da mutanen da suka rabu da maɓuɓɓuga suka koma ga tsagaggun ramummukan da ba su riƙe ruwa.

Babban koginsu shi ne Urdun. Yana tasowa daga gindin Dutsen Harmon, ya bi ta Tekun Galili, ya ƙare a Tekun Gishiri, tafiyar wajen kilomita 250. Tekun Gishirin nan yana ƙasa da bakin babbar teku da fiye da mita 400, ba kuwa wani wuri a busasshiyar ƙasa da ya kai shi zurfi. Urdun bai kama ƙafar Binuwai ko Kwara ba wajen girma. Mutanen da suka san darajar tulu ɗaya na ruwa, su ne Allah ya yi wa magana da misalin ruwa.

WANKA CIKIN SHARI'AR MUSA

A Fitowa sura 30 an umarci Musa ya yi daro na tagulla, ya ajiye shi tsakanin bagade da alfarwa ta sujada. Firist ba ya kusantar aikinsa sai ya wanke hannu da ƙafa a ciki. Da Sulemanu ya gina Haikali, sai ya yi wani babban kwarmin tagulla mai faɗin kamu goma da tsayin kamu biyar, ya ɗora shi bisa siffofin bijimai goma sha biyu. Duk mai zuwa sujada yana gani da idonsa cewa ba a tunkarar Allah da ƙazanta.

Littafin Firistoci ya bi abin dalla-dalla. A sura 14, wanda ya warke daga cutar fata sai a yayyafa masa sau bakwai, ya wanke tufafinsa, ya aske gashinsa, ya yi wanka, sa'an nan ya komo cikin jama'a. A sura 15 an ce mai ɗigar jiki, in ya warke, ya yi wanka da ruwa mai gudu, wanda a harshen Ibraniyanci ake kira ruwa mai rai. A Littafin Ƙidaya sura 19, wanda ya taɓa gawa akan yayyafa masa ruwan da aka gauraya da tokar jar karsana, a rana ta uku da ta bakwai.

Mu lura da abu biyu. Na fari, akwai wanka, akwai kuma yayyafawa, dukansu cikin Shari'a ɗaya. Na biyu, ƙazantar da ake wankewa ba kullum ba ce zunubi. Wanda ya binne mahaifinsa bai yi laifi ba, amma ya taɓa mutuwa, sai ya tsarkaka kafin ya shiga wurin Allah Mai Rai. Wankan nan yana mayar da mutum cikin jama'a, yana kuma koya wa yaro da babba cewa Allah mai tsarki ne.

Shari'ar nan ba ta raina tsabtar gari ba. Maimaitawar Shari'a sura 23 ta umarci mayaƙan Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango domin zagayawa, kowa ya riƙe abin tono, ya rufe abin da ya fito daga cikinsa. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji yana tafiya a tsakiyar zangon. Masai da muke ta roƙonku ku haƙa, ga kakansa nan.

NA'AMAN DA GEHAZI

Labarin da ya fi daɗe mana a gindin ɗorawar nan shi ne na 2 Sarakuna sura 5. Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, kuturu kuwa. Wata yarinya baiwa daga Isra'ila ta ba uwargijiyarta labarin annabi Elisha. Na'aman ya taso da dawakai da karusai, da azurfa da zinariya da riguna goma. Elisha ko fitowa bai yi ba, sai ya aika a ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun.

Na'aman ya husata. Ya ce Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi dukan ruwayen Isra'ila. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, gama Urdun ruwa ne mai laka. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka nuna masa da abu mai wuya aka sa shi da ya yi. Ya sauka ya nutsa sau bakwai, fatarsa ta komo kamar ta ƙaramin yaro.

To, me ya warkar da shi? Da ikon yana cikin ruwan Urdun, da ba a bar kuturu ko ɗaya a Isra'ila ba. Ubangijinmu Yesu da kansa ya tuna wa mutanen Nazarat, a Luka sura 4, cewa kutare suna da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha, amma Na'aman kaɗai aka tsarkake. Allah ne ya warkar, Na'aman kuwa ya ajiye girman kansa a bakin kogi ya yi biyayya.

Labarin bai ƙare a nan ba, ƙarshensa kuwa namu ne mu 'yan ƙungiya. Elisha ya ƙi karɓar ko anini. Baransa Gehazi ya bi Na'aman a guje, ya shirga ƙarya wai baƙi sun zo wa maigidansa, ya karɓi talanti biyu na azurfa da riguna biyu, ya ɓoye a gida. Da aka tambaye shi inda ya je, ya ce ba inda ya je. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Baƙo ya tafi gida da tsarki, ɗan gida da ya yi shekaru yana hidimar annabi ya fita da cuta saboda kuɗin da ba nasa ba. Ma'aji da magatakarda da mai riƙon makullin rumbun ƙungiya, wannan sura ta cancanci ku karanta ta sau biyu.

INDA SABULU BA YA KAIWA

Annabawa sun ga mutane suna cika dokar wanka, zukatansu kuwa suna nan yadda suke. Irmiya ya gaya wa Yahuza cewa ko sun yi wanka da kanwa, sun ƙara da sabulu mai yawa, tabon laifinsu yana nan a gaban Allah. Ishaya, a sura 1, ya kira jama'a su wanke kansu, nan take kuma ya faɗi yadda wankan yake: barin mugunta, da tsaya wa maraya, da kāre hakkin gwauruwa. Dawuda, bayan abin da ya yi wa Uriya, bai nemi firist ya kawo daro ba. A Zabura 51 Allah ya roƙa ya wanke shi, ya halitta masa sabuwar zuciya. Hausawa sun ce wanka da gari ba ya maganin yunwa. Abin da yake ciki, sai a ciki za a yi maganinsa.

Alkawarin yana cikin Ezekiyel sura 36. Allah ya ce shi da kansa zai yayyafa wa jama'arsa ruwa mai tsabta, ya cire zuciyar dutse, ya sa Ruhunsa a cikinsu. Manomi ya ci gaba da karatu kaɗan, zai ga a wannan wuri an yi maganar yalwar hatsi da 'ya'yan itatuwa, da kufai da za a sāke nomawa. Allah bai raba zuciyar mutum da gonarsa ba.

DAGA URDUN ZUWA KABARI

A zamanin Yesu, Yahudawa sun riga sun saba da nutsewa cikin ruwa domin tsarkakewa. Masu tonon kufai sun sami ɗaruruwan kwarmin wanka masu matakala a ƙasar, da yawansu kusa da inda Haikali yake a Urushalima. A shekarar 2004 ma, ma'aikatan da suke gyaran bututun ƙazamin ruwa a birnin suka ci karo da matakalan wani babban tafki, wanda masana da yawa suka ɗauka shi ne Siluwam, inda Yesu ya aiki makaho ya wanke idonsa. Cikin waɗannan kwarmi mutum shi yake nutsar da kansa, yana kuma maimaitawa duk lokacin da ya ƙazantu.

Yohanna Mai Baftisma ya zo da wani abu dabam. Shi yake yi wa mutum, a gaban jama'a, a kan tuba. Da mutane suka tambaye shi abin da za su yi, amsar da ya bayar a Luka sura 3 ta kasuwa ce da gida. Mai riga biyu ya ba marar riga, mai abinci ya yi haka nan. Masu karɓar haraji kada su ɗora kome bisa abin da aka yanka. Sojoji kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Da a ƙauyenmu yake, da ya yi maganar mudun da aka buga wa gindi, da audugar da aka yayyafa wa ruwa domin ta yi nauyi a ma'auni, da tsakuwar da ake zubawa cikin buhun wake.

Yesu, wanda ba shi da zunubi, ya shiga ruwan nan tare da masu zunubi. Daga baya, a Markus sura 10, ya kira mutuwar da take jiransa baftisma. A kan wannan ne Manzo Bulus ya gina koyarwarsa a Romawa sura 6: wanda aka yi wa baftisma an binne shi tare da Almasihu, an kuma tashe shi domin ya yi sabuwar tafiya. Ruwan ya zama kabari ke nan. Ba wanda ya kai manomi gane wannan. Irin da muka rufe da ƙasa ba mu sāke ganinsa yadda yake, abin da yake fitowa tsiro ne.

Manzo Bitrus ya faɗa a fili cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa baftisma ba kawar da dauɗar jiki ba ce, alkawari ne na lamiri mai kyau a gaban Allah ta wurin tashin Yesu Almasihu. Littafi ya ba mu shaidu uku a kan haka. Bilatus ya wanke hannunsa a gaban taro, alhakin bai sauka daga kansa ba. Siman mai sihiri an yi masa baftisma a Samariya, amma da ya so ya sayi baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu kuwa ko ɗigon ruwa bai samu ba, ya sami alkawarin Firdausi. Wannan bai rage wa baftisma daraja ba, gama Ubangiji ne ya umarta a Matiyu sura 28. Ya dai nuna mana inda ikon yake: a jinin Almasihu da aikin Ruhu Mai Tsarki.

WANE RUWA, KUMA NAWA?

Yohanna ya yi baftisma a Ainon domin akwai ruwa da yawa a wurin. Filibus da baban nan na Habasha, a Ayyukan Manzanni sura 8, ruwan da suka tarar a hanyar hamada shi suka shiga. A ranar Fentikos an yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a Urushalima, birnin da ba shi da kogi. Mai tsaron kurkuku na Filibi da iyalinsa an yi musu da tsakar dare. Ba inda aka ce sai Urdun, ba inda aka ce sai rafi.

Masu bi na fari ma sun gamu da irin matsalarmu. Akwai wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na fari ko farkon na biyu, aka sāke gano shi a birnin Istambul a shekarar 1873. Ya shawarta a yi baftisma cikin ruwa mai gudu. In babu, a yi da wani ruwan. In ba za a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi. In kuwa ruwan bai isa ba, a zuba wa mutum a ka sau uku. A kufan Dura Yurofos a Suriya an tono wani gida da masu bi suka mayar ɗakin sujada wajen shekara ta 240, da kwarmin baftisma ginanne a cikin ɗaki.

Cikin ƙungiyoyinmu akwai 'yan ekklisiyoyi dabam dabam. Baftis da ECWA suna nutsarwa. EYN suna nutsarwa sau uku, mutum yana durƙushe. Katolika da Anglikan da Lutheran yawanci sukan zuba ruwa a ka. Kowa ya bi koyarwar ekklisiyarsa, kada kuwa wannan ya raba mu a wurin gayya ko rabon taki. Abin da ba ekklisiyar da take koyarwa shi ne wai ruwan baftisma ya fi ƙarfin cuta.

Urdun ɗin kansa shaida ne. Tun daga shekarun 1960 ƙasashen da suke kewaye da shi suka riƙa janye ruwansa domin sha da noman rani, har abin da yake isa Tekun Gishiri bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba, tekun kuma yana ja da baya wajen mita ɗaya kowace shekara. Kogin da Ubangijinmu ya shiga ma yana raguwa in mutane suka yi masa yawa. Saboda haka wanda ya zo muku da kwalba wai ruwan Urdun ne mai warkarwa, a biya, ku tuna da Elisha da ya ƙi karɓar kome, ku tuna da Gehazi.

ABIN DA YAKE CIKIN TAFKI

Tsargiya, wato fitsarin jini, ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga ƙananan katantanwa. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'yan tsutsa, waɗanda ido ba ya gani, su fito cikin ruwa. Ba sai an sha ba, ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci. Fasto da zai tsaya cikin tafki har ƙugu yana yi wa mutum ashirin baftisma ya fi kowa shiga hatsari. Bakin rafi mai tafiya a hankali, inda ciyayi suke, shi ma yana da katantanwan nan. Akwai maganin cutar a asibiti, amma rigakafi ya fi magani.

Shaiɗan ya taɓa ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, domin gwada Allah ke nan. Shigar da yara cikin ruwan da muka san yana da cuta, muna cewa an yi addu'a, ɗan'uwan wannan ne. Haka kuma shiga kogi a watan Agusta sa'ad da ya cika ya batse.

Kada wani ya ce ba yadda za a yi. Da aka ƙirga masu kurkunu a Nijeriya a shekarar 1988, an sami fiye da mutum 650,000. Iyayenmu sun san yadda take kwantar da manomi a tsakiyar damina. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tafki aka kashe ta, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Mutanen ƙauyen nan, bayan fasto da dattawa sun yi shawara, sun gina kwarmin siminti kusa da rijiyar ekklisiya. Maza suka yi tono da gayya, ƙungiya ta ba da siminti, mata da matasa suka cika shi. Aka yi baftisma ran Ista, dattijon nan da ya ce a shiga tafki shi ya riƙe wa masu fitowa hannu a matakala. Ga abin da muke shawartar sauran ƙungiyoyi:

1. Kwarmi mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1 yana cin lita 2,000, wato duro goma. A yi masa matakala da mafitar ruwa.

2. A cika shi da ruwan rijiya ko na famfo. In dole sai na tafki, a tace shi da ƙyalle domin kada katantanwa ta biyo, a bar shi cikin duro kwana uku kafin a shiga, gama 'ya'yan tsutsar tsargiya ba su kai haka da rai. Wannan domin wanka ne, ruwan sha kuwa sai an tafasa.

3. Da an gama, a saki ruwan zuwa lambu ko wurin renon itatuwa. Kada a bar shi ya kwana kwanaki, saboda sauro da kuma ƙananan yara.

4. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga da igiya. Masai ya yi nisa da rijiya aƙalla mita 30, a gangare.

5. Rijiyar ekklisiya ta zama ta dukan gari, Kirista da Musulmi da mai bin al'ada. Yesu ya roƙi ruwa a hannun Basamariya a rijiyar Yakubu, ya kuma ce ko kofin ruwan sanyi ba zai rasa lada ba.

A taronku na wannan wata, ku karanta 2 Sarakuna sura 5 da Luka sura 3, sa'an nan ku tattauna waɗannan: A ina ekklisiyarmu take yin baftisma, yaran da suke wanka a wurin kuma lafiyarsu ƙalau? Da Yohanna zai tsaya a bakin rumbun ƙungiyarmu, me zai ce mu bari? Akwai bashin ƙungiya a kanmu da muke iya biya amma muka ƙi? Ku aiko mana da abin da kuka shirya yi, za mu kuwa zo mu taimaka da awo in za ku fara tono.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka.